Kalmar “Pollination”: Yadda Ake Raba Gaɓoɓinta Da Yadda Ake Furta Ta

Kalmar “pollination” tana cikin kalmomin Turancin da ɗalibi yake fara cin karo da su tun a ƙaramar sakandare, a darasin kimiyya da na aikin gona, sannan ta bi shi har zuwa jarrabawar kammala babbar sakandare. Ma'aikacin ma'aikatar gona ko ta muhalli yakan tarar da ita a cikin rahoto ko jawabin da aka ba shi ya karanta a taro. Ɗan kasuwar da ke sayar da iri da maganin feshi ma yakan gan ta a takardun bayanin kayansa. Rubuta ta ba ya ba mutane wahala sosai. Matsalar takan taso ne idan aka zo faɗinta a bainar jama'a, domin kuskure kaɗan a furucinta yana iya sa mai sauraro ya ji wata kalmar daban, mai ma'anar da ta yi hannun riga da abin da ake nufi.

Amsar a taƙaice ita ce: kalmar tana da gaɓa huɗu, ana raba ta a rubuce kamar haka, pol-li-na-tion, kuma ƙarfin murya yana sauka ne a kan gaɓa ta uku. Idan aka kwatanta furucin da haruffan Hausa, abin da ya fi kusa shi ne po-la-NEI-shan. Sai dai sanin dalilin da ya sa haka ya fi haddace amsar amfani, saboda dokar da ke bayan wannan kalma guda ita ce ke bayan ɗaruruwan kalmomin da ake amfani da su kullum a ofis da kasuwa.

Ma'anarta da asalinta

“Pollination” na nufin barbarar tsirrai, wato ɗaukar garin fure daga sashen namiji na fure zuwa sashen mace, abin da ke share fagen samuwar iri da 'ya'ya. Iska ce ke yin wannan aiki a masara da gero, kuma manomi ya san shi sarai, domin shi ne yake gani idan gero ya fitar da kai ya yi bununi. A kabewa da kankana da mangwaro kuwa, ƙwari ne ke yin jigilar, musamman ƙudan zuma. Dabino yana da namiji daban da mace daban, shi ya sa masu noman sa, daga ƙasashen Larabawa har zuwa Agadas da Dutse, sukan yi masa barbarar da hannu.

Tushen kalmar shi ne “pollen”, kalmar Latin da ke nufin lallausan gari, irin ƙurar da ke tashi a wurin niƙa. Masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, wanda ya rayu daga 1707 zuwa 1778, shi ne ya yaɗa amfani da ita da ma'anar garin da fure ke fitarwa. Ita kuwa “pollination” ƙanwa ce a Turanci, domin sai a shekarun 1870 ta fara bayyana a rubuce-rubuce. Ko littafin da Charles Darwin ya wallafa a 1862 a kan yadda ƙwari ke yi wa wasu furanni barbara, wata kalmar ce ya sa a sunansa.

Kalmar ta ƙunshi saiwa da ɗafa-ƙeya. Saiwar ita ce “pollin”, wato siffar da “pollen” ke ɗauka a Latin idan za a ƙara mata wani abu, ɗafa-ƙeyar kuma ita ce “ation”, wadda ke mayar da aiki ya zama suna. Wannan ɗafa-ƙeya ce ke riƙe da sirrin furucin.

Rabon gaɓoɓi a rubuce da a baki

Kalmar tana da haruffa 11, biyar daga cikinsu wasula ne: o, i, a, i, o. Amma ba a ƙirga gaɓa da yawan wasulan da ido ya gani, da sautin wasalin da kunne ya ji ake ƙirgawa. Haruffan “io” na ƙarshe ba sa ba da sauti biyu, saboda haka gaɓoɓin huɗu ne. Hanya mai sauƙi ta tabbatarwa ita ce mutum ya sa bayan hannunsa a ƙarƙashin haɓarsa ya furta kalmar a hankali, zai ji haɓar tana motsi da kowace gaɓa.

A nan akwai bambancin da ya kamata a kula da shi. Turanci yana da rabon gaɓa iri biyu, na rubutu da na baki. Na rubutu shi ne wanda ƙamus irin na Merriam-Webster ke nunawa da ɗigo a tsakiyar kalma, pol·li·na·tion, kuma amfaninsa shi ne ya nuna wa mai buga takarda inda zai yanke kalma idan layi ya cika. Dokar rubutu ta ce a raba tagwayen baƙaƙe, shi ya sa “l” ɗaya ta tsaya a gaɓa ta farko, ɗayar ta koma ta biyu. Don haka sakataren da ke buga wasiƙa yana da wurare uku da zai iya yankewa: bayan “pol”, ko bayan “polli”, ko bayan “pollina”. Ba a yanke “tion” gida biyu.

A baki kuwa, “l” ɗaya ce kawai ake furtawa. Wanda ya ɗauki rabon rubutu a matsayin jagoran furuci zai riƙa jan “l” ɗin, kuma daga nan kuskure yake farawa.

Inda ƙarfin murya yake sauka

Hausa tana bambanta kalmomi da karin sauti da kuma tsawon wasali. Kukan da yaro ke yi da kukar da ake miya da ganyenta, hawa da saukar murya ne ke raba su. Garin da ake zaune a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi kuma tsawon wasalin farko ne ke raba su. Turanci ba ya bin wannan hanya. A kowace kalma mai gaɓa fiye da ɗaya, yana zaɓar gaɓa guda ya danna ta, wato a furta ta da ƙarfi, da ɗan tsawo, da ɗaga murya, sauran kuma su yi rauni. Kunnen wanda ya tashi da Turanci wannan gaɓar yake fara nema kafin ya gane kalma.

Dokar da ta shafi “pollination” tana cikin mafi tabbata a harshen: duk kalmar da ta ƙare da “tion”, gaɓar da ke gabanta kai tsaye ita ake dannawa. Ma'aikacin gwamnati yana furta irin waɗannan kalmomi tun daga safe har tashi aiki: pro-MO-tion, ap-pli-CA-tion, re-gis-TRA-tion, e-du-CA-tion, in-for-MA-tion. Ɗan kasuwa kuma yana da nasa: in-FLA-tion, trans-AC-tion, quo-TA-tion. Komai tsawon kalmar, wurin dannawar ba ya canzawa, kullum gaɓa ta biyu ce daga ƙarshe. Haka nan pol-li-NA-tion.

Gaɓa ta farko, “pol”, tana samun ɗan ƙarfi na biyu wanda bai kai na “na” ba. Ta biyu da ta huɗu su ne raunana. Mai neman abin tunawa zai iya ɗaukar kalmar makaranta, wadda ita ma gaɓa huɗu ce, ma-ka-ran-ta, kuma ta ukun ce ta fi cika baki. Kwatancen bai zama daidai ta kowace fuska ba, amma yana nuna inda ya kamata murya ta tsaya.

Wurare huɗu da harshe kan yi tuntuɓe

Na farko shi ne harafin “p”. A Hausa, sautin “p” da na “f” ba sa bambanta ma'anar kalma. Wani ya ce famfo, wani ya ce pampo, kuma kowa ya gane. A Turanci kuwa sauti biyu ne masu zaman kansu: “pan” daban da “fan”, “pull” daban da “full”, “pool” daban da “fool”. Wanda ya furta “pollen” da “f” zai sa a ji wani abu mai kama da “fallen”. Ana furta “p” ne ta hanyar rufe leɓɓa biyu ruf, sannan a sake su da ɗan bugun iska. Idan aka riƙe 'yar takarda a gaban baki, za ta motsa in an furta daidai. Shi kuwa “f” na Turanci, haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa, iska tana fita a hankali.

Na biyu shi ne tagwayen “ll”. A Hausa, idan aka rubuta baƙi sau biyu to ana nufin a ja shi, kuma jan yana canza ma'ana: kala da ake yi a gona bayan girbi daban take da kalla. Mai talla ma ya san ba a furta sunan sana'arsa da “l” ɗaya. Wannan sabo ne ke sa Bahaushe ya ce “pol-li” da nauyi. A Turanci tagwayen haruffa a tsakiyar irin wannan kalma sauti ɗaya suke bayarwa, aikinsu kawai su nuna cewa wasalin da ya gabace su gajere ne.

Na uku shi ne wasalin gaɓa ta biyu. An rubuta “i”, amma ba cikakkiyar “i” ta Hausa ake furtawa ba. Wani raunannen wasali ne da ke tsakanin “a” da “i”, wanda baki ke fitarwa ba tare da leɓɓa ko harshe sun yi wani aiki ba. Shi ne wasalin da ya fi yawa a maganar Turanci, kuma ƙamus yana nuna shi da alamar “e” a kife. Hausa ba ta da irinsa, domin tana ba kowane wasali haƙƙinsa. Dabarar ita ce a wuce gaɓar da sauri.

Na huɗu shi ne rabin kalmar na ƙarshe. Harafin “a” na gaɓa ta uku tagwan wasali ne, yana farawa da “e” ya zarce zuwa “i”, kamar yadda ake ji a “day” da “name”. Ita kuma “tion” ana furta ta “shan” da wasali mai rauni ƙwarai, har wasu ƙamusoshi ba sa ma nuna wasalin. Furucin da aka saba ji a Najeriya, “shon” da cikakkiyar “o”, yana ba gaɓar ƙarfin da ba nata ba, har ta danne wadda ke gabanta. Abin lura shi ne kunnen Hausawan da suka fara aron kalmomin Turanci ya kama wannan sauti daidai: daga “station” aka samu tasha, inda aka riƙe “sh” kuma aka bar ƙarshen kalmar ya yi sauƙi.

Dalilin da ya sa “ti” ke ba da sautin “sh” yana cikin tarihi. Ɗafa-ƙeyar ta fito daga Latin, ta biyo ta Faransanci inda ake furta ta da “s”, sannan a bakin mutanen Ingila ta rikiɗe zuwa “sh” a hankali, rubutun kuma ya tsaya yadda yake. Akwai 'yan kalmomin da suka kauce: idan “s” ta gabaci “tion”, kamar a “question” da “suggestion”, sautin yakan koma irin “c” ta Hausa. Duk da haka dokar dannawar tana nan daram.

Ingila, Amurka da Faransa

Furucin Ingila da na Amurka sun yi tarayya a yawan gaɓoɓi da wurin dannawa. Inda suka rabu shi ne wasalin farko. A Ingila gajeriyar “o” ce ta buɗaɗɗen baki, kamar a “pot”. A Amurka takan zama “a” mai ɗan tsawo, sai a ji pa-la-NEI-shan. Dukansu daidai ne, amma makarantun Najeriya da na Ghana sun fi bin tsarin Ingila.

Wanda ya yi karatu a Nijar ko Chadi, da Faransanci ya san kalmar, kuma a can siffarta “pollinisation” ce. Gaɓoɓinta biyar ne, ana furta ƙarshenta da “s” da wasali mai bi ta hanci, kuma murya takan tsaya a gaɓar ƙarshe. Mai jin harsunan biyu yana bukatar ya kula kada ya ɗauko gaɓar da ta ƙaru ya kai ta Turanci.

Dangin kalmar

Wurin da ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne dangin kalmar, domin ƙarfin murya yana sauya mazauni daga wannan zuwa wancan.

“Pollen”, garin fure, gaɓa biyu ce: POL-len. “Pollinate”, aikatau mai nufin yin barbarar, gaɓa uku ce: POL-li-nate, kuma ba a furta “e” ɗin ƙarshe. “Pollinated” da “pollinating” gaɓa huɗu-huɗu ne, dannawar tana nan a ta farko. “Pollinator”, wato ƙwaro ko tsuntsu ko jemagen da ke yin aikin, ita ma gaɓa huɗu ce: POL-li-na-tor. A cikin dangin duka, “pollination” ce kaɗai ta kai ƙarfin muryarta gaɓa ta uku, saboda “tion” ta jawo shi kusa da ita.

A Turancin yau da kullum na Najeriya an saba danna ƙarshen aikatau masu ƙarewa da “ate”, a ce polli-NATE, edu-CATE, communi-CATE. A daidaitaccen furuci kuwa, idan irin wannan aikatau ya kai gaɓa uku ko fiye, gaɓa ta uku daga ƙarshe ake dannawa: E-du-cate, com-MU-ni-cate, in-VES-ti-gate, POL-li-nate.

Akwai kuma harɗaɗɗun kalmomi biyu da ake koyarwa a darasin halittu. “Self-pollination” ita ce barbarar da ke faruwa a cikin fure ɗaya ko tsiro ɗaya, kamar yadda aka fi gani a gyaɗa da wake. “Cross-pollination” kuma ita ce wadda ke faruwa tsakanin tsiro da ɗan'uwansa, kamar a masara. Kowacce gaɓa biyar ce, kuma “na” ba ta rasa ƙarfinta.

Kalmomin da ake rikita ta da su

Mafi haɗarin rikicewa ita ce “pollution”, wato gurɓata muhalli. Haruffa huɗun farko iri ɗaya ne, ƙarshen ma iri ɗaya, amma kalmomin ba su haɗa asali ba, domin ita daga wani aikatau na Latin mai nufin ƙazantarwa ta fito. Gaɓoɓinta uku ne, pol-LU-tion, kuma da yake dannawar ta koma gaɓa ta biyu, wasalin farko ya yi rauni, sai a ji pa-LU-shan. Mai magana da ya haɗiye gaɓa ta biyu ta “pollination” kuma bai danna ta uku ba, yana iya sa a ji kamar “pollution” ya ce.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda aikinsa ya shafi gona ko muhalli. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 20 ga Mayu a matsayin Ranar Ƙudan Zuma ta Duniya, wadda aka fara kiyayewa a 2018, sannan 5 ga Yuni ita ce Ranar Muhalli ta Duniya. Kwana 16 ne tsakaninsu, kuma kalmomin biyu sukan haɗu a jawabi ɗaya, har ma a jimla ɗaya, tunda feshin magani barkatai yana kashe ƙwarin da ke yin barbara. Wani babban rahoton ƙasa da ƙasa na 2016 ya nuna cewa kusan kashi 75 cikin 100 na nau'o'in amfanin gonar da duniya ke ci sun dogara, ko yaya, ga barbarar da ƙwari da sauran halittu ke yi. Jami'in da ya tashi yin kira a ƙarfafa barbara, aka ji kamar yana kira a ƙarfafa gurɓatawa, ya ɓata saƙonsa da bakinsa.

Ta biyu ita ce “population”, yawan jama'a. Gaɓoɓinta huɗu ne kuma ta uku ake dannawa, pop-u-LA-tion, don haka kidanta ɗaya da na “pollination”. Abin da ke raba su shi ne tsakiyar kalma, “pyu-lei” a ɗaya, “la-nei” a ɗayar.

Ta uku kuwa rikicin ma'ana ne. “Fertilization” ita ce haɗuwar ƙwayar namiji da ta mace a cikin fure, kuma tana zuwa ne bayan “pollination”. Ɗaya jigila ce, ɗaya haɗuwa. Mai gyara takardar jarrabawa ba ya karɓar ɗaya a madadin ɗaya.

A zauren jarrabawa da cikin ƙamus

Iyayen da 'ya'yansu ke shirin jarrabawar WAEC ya kamata su san cewa darasin Turanci yana da takarda ta musamman a kan furuci, mai tambayoyi 60 na zaɓen amsa. A wani sashe nata ana kawo kalma a rubuta ta sau huɗu, kowane da gaɓa daban a manyan haruffa, a ce ɗalibi ya zaɓi daidai. Kalmomi masu ƙarewa da “tion” suna cikin mafi sauƙin ci ga wanda ya san doka, domin ba sai ya taɓa jin kalmar ba. Ya nemo “tion”, ya koma baya da gaɓa ɗaya, ya zaɓa.

Ga mai son tabbatarwa da kansa, ƙamusoshin masu koyo irin su Oxford Advanced Learner's Dictionary suna rubuta furuci a tsakanin sanduna biyu da haruffan sauti na duniya. A furucin Ingila, kalmar takan fito kamar haka: /ˌpɒləˈneɪʃn/. Ɗan gajeren layin da ke sama yana zuwa ne kafin gaɓar da ake dannawa, ba bayanta ba, kuma nan ne masu karatu da yawa ke kuskure. Na ƙasa yana nuna ƙarfi na biyu. Alamar da ta yi kama da doguwar “s” ita ce “sh”. Yawancin waɗannan ƙamusoshi suna da shafi a intanet inda ake latsa alamar lasifika a ji furucin Ingila da na Amurka a waya.

Malaman furuci suna da wata dabara ta koyon doguwar kalma, wato a fara daga ƙarshe a riƙa ƙarowa. A ce “shan”, sannan “NEI-shan”, wadda ita ce kalmar “nation” da kowa ya sani, sannan “la-NEI-shan”, daga ƙarshe “po-la-NEI-shan”. Amfanin wannan hanya shi ne muryar tana riƙe da gaɓar da ake dannawa tun daga mataki na biyu, ba ta samun damar zamewa. Wanda ya iya furta “nation” daidai ya riga ya iya rabin kalmar. Abin da ya rage masa shi ne ya rufe leɓɓansa a kan “p”, ya furta “l” sau ɗaya, ya wuce gaɓa ta biyu da sauri.